A Gaban Wa Za Ka Koyi Sauraron Mai Damuwa?

Sharhinmu na yau na masu neman ƙarin karatu ne, da iyayen da aljihunsu zai ji a jikinsa, da kuma duk wanda wata rana zai iya samun kansa zaune a gaban wani baƙo yana zayyana masa abin da ya hana shi barci. Magana ce a kan digiri na biyu a fannin ba da shawara ga masu matsalar ƙwaƙwalwa: masu ciwon damuwa, da masu yawan fargaba, da waɗanda shaye-shaye ya ci ƙarfinsu, da waɗanda suka ga tashin hankalin da ya ƙi gushewa daga idonsu. Mai wannan sana'a ba likita ba ne, ba ya rubuta magani ba ya yin allura. Kayan aikinsa kunne ne da harshe da haƙuri, sai wasu dabarun magana da aka gwada aka ga amfaninsu. To, a ce ɗalibi ya samu gurbi a jami'o'i biyu ko uku, wacce zai ɗauka? Yawancin mutane sunan makaranta suke fara dubawa, sannan kuɗin makaranta, sannan garin da take. Ni a ganina an juya abin a baibai. A karatun zaure, idan aka ce wane malami ne, ba a cika tambayar ƙofar gidan da ya shiga ba, tambayar da ake yi ita ce a gaban wa ya yi karatu, wa ya ji biyarsa ya gyara masa, wa ya ba shi izini. Wannan tsohuwar tambaya ta fi kowane jerin gwanayen jami'o'i amfani ga mai neman wannan digiri. Abin da zai saya da kuɗinsa da shekarunsa abu biyu ne: awowin da zai yi da majinyata na gaske a ƙarƙashin idon wanda ya iya, da kuma izinin hukuma a ƙasar da zai yi aiki.

Da Amurka zan kafa hujja, domin a can ne wannan sana'a ta tsaya da ƙafafunta, a can ne kuma aka fi tara alƙaluman da za a auna magana da su. Abin da kan ba sabon shiga mamaki shi ne takardar digirin ba ta ba mutum damar buɗe ofis ya karɓi ko mutum ɗaya da sunan kansa. Lasisi a hannun jiha yake, kuma kowace jiha da hukumarta da sharuɗɗanta. Jihar Virginia ce ta fara ba masu wannan aiki lasisi a 1976, Kalifoniya kuwa ba ta bi sahu ba sai 2009, shekara 33 ke nan tsakani. Ko sunan lasisin bai zama ɗaya ba: a Texas LPC ake cewa, a New York da Florida LMHC, a Kalifoniya da Ohio LPCC. Bayan an gama digiri akwai wani dogon zangon, inda mutum zai yi aiki a ƙarƙashin babba kafin a yaye shi. Texas da New York da Kalifoniya awa 3,000 suke nema, Florida kuma shekara biyu da awa 1,500 na zama ido da ido da majinyata, ga jarrabawar ƙasa da za a rubuta. Kafin a kai nan ma, hukumar jihar za ta bi darussan da mutum ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Idan wani darasi da dokarta ta ambata babu shi, sai ya koma aji, da kuɗinsa, bayan ya riga ya yi walimar kammala karatu. Saboda haka shafin da ya kamata ɗalibi ya fara buɗewa a intanet shi ne na hukumar lasisin jihar da yake son zama, daga nan ya dawo da baya ya ga wace makaranta ce ke kai mutum wannan ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne sunan wata hukuma mai suna CACREP yake shigowa. An kafa ta a 1981 don tantance shirye-shiryen horar da masu ba da shawara, kuma tambarinta yana nufin wasu abubuwa da za a iya ƙirgawa. Shirin zai kasance kiredit 60, abin da kan ci shekara biyu zuwa uku. Ɗalibi zai fara da aikin gwaji na awa 100, wanda 40 daga ciki zama ne da masu neman taimako kai tsaye. Daga nan sai horon aiki na awa 600, wanda 240 daga ciki kai tsaye ne. Duk mako zai zauna kimanin awa ɗaya da malamin da ke duba aikinsa, shi kaɗai ko su biyu, da kuma awa ɗaya da rabi cikin rukunin 'yan'uwansa ɗalibai. Haka kuma an wajabta wa makarantar ta riƙa wallafa yawan waɗanda suka kammala, da kason da suka ci jarrabawar lasisi, da kason da suka samu aiki. Jihohi irin su Ohio da Kentucky da North Carolina sun ɗaure lasisinsu da wannan tambari, kuma ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, wadda tana cikin manyan masu ɗaukar ma'aikatan lafiya a ƙasar, shi take nema. Ku lura dai da lissafin nan: 40 da 240, awa 280 ke nan. Cikin shekara biyu ko uku na karatu, wannan ne kaɗai lokacin da aka tabbatar ɗalibi zai zauna da mutum mai ciwo na gaske. Sauran duk shiri ne. Ashe ke nan bambancin makaranta da makaranta yana cikin yadda ake kashe waɗannan awowi 280 masu tsada. Wata makarantar tana da asibitin koyarwa nata na kanta, da ɗakunan da ake naɗar zama da izinin majinyaci, malami ya kalla ya tsayar da faifan ya ce, a nan matar ta ambaci mutuwa sau biyu, me ya sa ka canza zance? Wata kuwa jerin lambobin waya za ta miƙa wa ɗalibi ta ce je ka nemi wurin horo da kanka. A kan takarda duk biyun sun cika sharaɗi.

Me ya sa na nace a kan idon malami haka? Saboda binciken da aka yi a kan masu wannan sana'a ya nuna wani abu mai ɗaci: mutum ba ya ganin ƙeyarsa. A 2005 Michael Lambert da abokan aikinsa sun tambayi masu ba da shawara a wata cibiyar jami'a su yi hasashen waɗanda ciwonsu zai ƙaru cikin majinyata 550. Mutum uku kawai suka nuna. Da aka auna a ƙarshe, 40 ne suka taɓarɓare, kuma cikin ukun da aka nuna ɗaya ne kaɗai aka dace. A wani binciken na 2012 da Steven Walfish ya jagoranta, an tambayi ƙwararru su auna kansu da takwarorinsu, ba a samu ko ɗaya da ya ce shi ƙasa da matsakaici yake ba, kashi ɗaya cikin huɗu ma cewa suka yi suna cikin goman farko na kowane ɗari. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na Simon Goldberg da abokansa a 2016, da suka bi sakamakon majinyata 6,591 a hannun masu ba da shawara 170 tsawon shekaru. Abin da kowa zai zata shi ne yau da gobe za ta sa a ƙware. Ba haka aka gani ba. A jimlace sakamakon bai inganta da yawan shekarun aiki ba, ya ma ɗan ja baya kaɗan, ko da yake wasu ɗaiɗaiku sun ci gaba. Dalilin ba boyayye ba ne. Maƙeri yana ganin lauje idan ya karkace, tela yana ganin wuyan riga idan ya tattare, amma wanda ya zo da damuwa ya ga ba a fahimce shi ba, godiya zai yi cikin ladabi ya tafi, ba zai sake dawowa ba, mai ba da shawara kuma ya ɗauka ya warke. A sana'ar da ake yi a bayan rufaffiyar ƙofa, shekarun makaranta ne kusan lokaci ɗaya tilo da wani zai leƙa ya ga abin da kake yi. Wanda ya wuce wannan lokaci ba a leƙa shi ba, kurakuransa na shekarar farko zai yi ta maimaitawa har furfura.

To, akwai mai ja da ni da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Zai ce, malam, shi kansa duba aikin da kake ta yabo ai bincike bai tabbatar da amfaninsa ba. Yana da gaskiyarsa. Tony Rousmaniere da abokansa sun duba dubban majinyata da ɗalibai masu horo suka gani, suka tambaya ko wanda ke duba aikin ɗalibin yana canza sakamakon majinyaci, suka tarar bambancin da ya fito daga masu dubawar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan ya isa ya sa mutum ya yi shiru ya sake tunani. Amma a duba yadda ake yin duban a mafi yawan wurare: ɗalibi ne zai zo ya ba da labarin abin da ya faru a ɗaki, malami ya yi sharhi a kan labarin. Mun kuwa riga mun ji yadda labarin mutum a kan aikin kansa yake, wanda ya ga uku a inda ake da arba'in. Gyaran da aka gina a kan irin wannan labari tamkar likita ne ya duba mara lafiya ta bakin maƙwabcinsa. Inda aka canza salo, sakamako ya canza. Wata cibiyar ba da shawara a birnin Calgary na Kanada ta mayar da auna halin majinyaci a kowane zama al'ada, tana tara ma'aikatanta su tattauna waɗanda ba sa samun sauƙi, kuma da aka bi bayananta na shekara bakwai sai aka ga sakamakon ma'aikatan yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Ƙaruwar ba ta da yawa, amma ta fi ja baya. Don haka wannan suka ba ta rushe maganata ba, wasa ta ta yi. Bai isa ɗalibi ya tambayi makaranta ko akwai mai duba aiki ba, ko'ina za a ce akwai. Ya tambaya: ana naɗar zaman? Wa ke kallo, kuma sau nawa? Ana ba majinyaci takardar auna halinsa a kai a kai? Ɗalibai nawa ne a hannun malami ɗaya? Kuma kada ya tsaya ga jami'in ɗaukar ɗalibai, wanda aikinsa tallar hajarsa ne, ya nemi 'yan shekarar ƙarshe ya ji daga bakinsu.

Sai masu cewa suna ai suna ne, babbar jami'a ba ta zama babba a banza ba. Ga mai son ya zarce zuwa digiri na uku ya zama malamin jami'a ko mai bincike, na yarda, wanda ya yi aiki tare da fitaccen farfesa ya fi samun hanya. Amma martabar jami'a daga bincike da wallafe-wallafe take fitowa, kuma farfesan da sunansa ya jawo ka mai yiwuwa ba shi zai zauna ya kalli faifanka ba. Kasuwar aikin ma ba ta san wannan martaba ba. Kamfanin inshora da lasisi yake biya. Shirin Medicare na gwamnatin Amurka, wanda bai fara biyan masu wannan sana'a ba sai 1 ga Janairun 2024, kashi 75 cikin ɗari na abin da yake biyan masanin halayyar ɗan'adam mai digiri na uku yake ba su, ko daga ina suka fito. Matsakaicin albashin shekara a wannan fanni, bisa ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta 2023, dala 53,710 ne. A kunnen mai lissafi da naira kuɗi ne masu yawa, amma a can albashin rufin asiri ne, kuma shekarun farko kafin lasisi ƙasa da haka ake samu. Jami'a mai zaman kanta na iya cajin ninki biyu ko uku na abin da jami'ar jiha ke karɓa a kan kiredit 60 ɗin nan dai, ga shi awa 600 na horon aiki galibi kyauta ake yin su. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 kuma ta taƙaita bashin gwamnati ga sabbin ɗaliban digiri na biyu irin wannan zuwa dala 20,500 a shekara daga Yulin 2026. Bashi a wannan sana'a ba aljihu kaɗai yake taɓawa ba. Wanda ya fito da kaya mai nauyi a wuya ba zai iya zama a asibitin unguwar talakawa ba, dole ya bi masu biya da tsada, ko da kuwa tausayin talakan ne ya kawo shi fannin tun farko. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada kuma a ɗauka arha ko tambarin tantancewa sun wanke makaranta daga komai. Jami'ar Argosy, wadda ta yi fice wajen horar da masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a rassa da dama a Amurka, ta rufe a Maris na 2019 ana tsakiyar zangon karatu, dubban ɗalibai suka wayi gari suna neman inda za a karɓi kiredit ɗinsu. Lafiyar asusun makaranta abin tambaya ne. Shi ma tambarin CACREP akwai siyasa a bayansa. Hukumar ta sharɗanta cewa sabbin manyan malaman shiri su kasance masu digiri na uku a fannin koyar da shawara, abin da ya ture malaman da suka fito daga sashen nazarin halayyar ɗan'adam, shi ya sa wasu shirye-shirye masu kyau suke ƙarƙashin wata hukumar dabam mai suna MPCAC. Masu cewa rikicin na kare kasuwa ne ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sai dai ɗalibi ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Idan jihar da zai zauna ko ma'aikatar da yake hari ta ce sai da tambari kaza, gardamarsa ba za ta buɗe masa ƙofa ba. Karatu ta intanet kuwa, ban ga abin ƙi a cikinsa ba idan darasin aji ake magana, matsalar dai ita ce wadda na ambata: wa zai samo maka wurin horo a garinku, wa kuma ya tantance wanda zai duba ka a can?

Akwai wata tambaya da ta fi duk waɗannan zurfi, wadda na san tana ran wasu masu sauraro. Idan sauraro da tausayi ne jarin aikin, digirin na mene ne? Ba wasa ba ce wannan tambaya. A 1979 Hans Strupp da Suzanne Hadley a Jami'ar Vanderbilt sun raba ɗalibai masu damuwa tsakanin ƙwararrun masu jinya da wasu malaman jami'a da aka zaɓa saboda sanyin halinsu kawai, kuma a jimlace ba a ga wani bambanci a sauƙin da aka samu ba. Mu dawo nahiyarmu. A Zimbabwe likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu fama da abin da 'yan Shona ke kira kufungisisa, wato yawan tunani, kalmar da Bahaushe zai gane ba tare da tafinta ba. A gwajin da aka wallafa a 2016 a kan mutum 573 a Harare, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da waɗannan kakanni ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kusan rabi ne. Wannan nasara ce babba. Amma a duba abin da ke ƙarƙashin bencin: an koya wa kakannin tsari takamaimai na warware matsala a zama shida, akwai masu duba aikinsu, akwai ma'aunin da ake auna majinyaci da shi, akwai kuma hanyar miƙa wanda ke tunanin kashe kansa ga na gaba. Wato abin da ya yi aiki a kan bencin Harare shi ne dai abin da nake cewa a nema a jami'a, horo a aikace da ido a kai. Abin da labarin ya karya shi ne zaton cewa yawan lacca ke yin mai jinya. Mai digiri na biyu kuwa, a ƙasashen da ƙwararru suka yi ƙaranci, shi ne zai zama mai duba kakannin, shi zai bambance baƙin cikin rashi da ciwon da ke buƙatar likita, shi zai gane cewa wannan surutun ba damuwa ba ce, taɓin hankali ne ko farfaɗiya. Wanda ba a taɓa duba aikinsa ba, da wane ido zai duba na wani?

Ga ɗanmu ko 'yarmu da ke hangen Amurka daga Kano ko Zariya ko Kumasi, akwai ƙarin lissafi. Bashin gwamnatin da na ambata ba ya hawa kan baƙo. Bizar ɗalibi tana ba da izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa, ƙarin wata 24 ɗin na fannonin kimiyya da fasaha ne, kuma galibin shirye-shiryen shawara ba sa ciki. Awa 3,000 kuwa ba sa shiga cikin wata 12. Sai mutum ya samu ma'aikatar da za ta tsaya masa a kan wata bizar, in ba haka ba ya dawo da digiri ba lasisi. Ko ya samu lasisin, na jiha ɗaya ne. Yarjejeniyar da jihohi sama da 30 suka shiga don amincewa da lasisin juna a iyakar Amurka ta tsaya. Idan niyyar mutum dawowa gida ce, to ya daina auna makarantu da ma'aunin wanda zai zauna a can, ya duba wacce za ta haɗa shi da irin mutanen da zai tarar a nan: 'yan gudun hijira, da masu shaye-shaye, da matan da suka haihu damuwa ta kama su, da iyalai masu riƙo da addini.

A gida Najeriya zaɓin yana da kama da wancan, sai dai tarkon a wani wuri yake. Digirin da ya fi yawa shi ne na jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi, irin wanda ake yi a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da wasunsu. Asalinsa na makaranta ne, tun daga 1959 da wasu mata masu hidimar coci a kwalejin St. Theresa ta Ibadan suka fara shirya wa ɗalibansu shawarar zaɓen sana'a, har manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba abin gurbi. Aiki ne mai daraja, amma an gina shi ne don ɗalibin da ya rasa abin da zai karanta ko ya fara guje wa aji. Wanda burinsa ɗakin jinya ne, hanyar da ta fi kusa ita ce digiri na biyu a nazarin halayyar ɗan'adam ɓangaren asibiti, kamar yadda ake yi a Ibadan da Jos, kuma shi galibi sai mai digirin farko a fannin. Mutane da yawa ba sa gane wannan bambanci sai sun gama. Dokoki sun fara motsi: a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara, a Janairun 2023 kuma ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Buƙata kuwa ba sai an faɗa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. Inda hukuma ta bar gurbi wani ne zai cike shi, mun kuma ga irin cikewar a Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can, da yawansu neman magani suka je.

Saboda haka ɗalibin da ke tsakanin jami'o'i biyu na gida ya je sashen da ƙafarsa ya yi tambayar da ba a rubuta amsarta a fom ba. Ina ake tura ɗalibai aikin gwaji, kuma na wata nawa? Akwai yarjejeniya da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko na Dawanau a Kano, ko kuwa sati shida ne a ofishin wata sakandare sai a sa hannu a littafi? Malamin da zai duba shi yana ganin majinyata har yanzu, ko rabonsa da ɗakin jinya tun yana ɗalibi? Sannan da wane harshe za a yi horon? Wannan na ƙarshen ana raina shi, alhali nan ne gizo ke saƙa. Littattafan da Turanci suke, jarrabawa da Turanci, amma matar da za ta zauna a gabanka ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba. Cewa za ta yi kanta na ɗaukar zafi, ƙirjinta ya yi nauyi, abinci ba ya mata daɗi, ko kuma mijinta ne zai yi magana a madadinta ya ce iska ce, an yi ruƙiyya sau uku. Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, da ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Yadda za ka amsa wa mijin nan ba tare da ka ƙaryata imaninsa ba, ba kuma tare da ka bar matar ta koma gida da ciwonta ba, babu babin littafin da zai koya maka. Sai ka faɗi naka a ɗaki, wanda ya shekara ashirin yana jin irin wannan magana ya saurara, ya ce maka a'a, da ka fara tambayarsa wane malami ne ya yi ruƙiyyar, da me ya ce.